Tsohuwar Motar Ƙawa Ƙirar Ingila a Kuje: Yadda Ake Gane Lafiyarta da Abin da Riƙonta ke Ci

Duk wanda ya tsaya a bakin titin da ya rabu da hanyar filin jirgin saman Abuja ya nufi Kuje, abin da zai riƙa gani bai wuce Toyota da Honda da tsofaffin Golf na haya ba, sai tifofin yashi da babura. Da wuya idonsa ya faɗa kan mota ƙirar Ingila ta shekarun 1960, balle ƙananan nan masu kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa baya, waɗanda aka ƙera domin gudu da shan iska. Alhali kuwa an yi zamanin da in an ce mota a ƙasar nan, ta Ingila ake nufi. Morris da Austin da Landiroba da manyan Bedford su ne suka cika tituna, kafin kamfanin Fijo ya fara harhaɗa 504 a Kaduna a 1975, kafin kuma motocin Japan su mamaye kasuwa.

'Yan kaɗan ɗin da suka rage daga wancan zamani yawancinsu ba sa tafiya. Akan tura su inda fili ke da yalwa, gidan gona ko kangon da ba a gama ginawa ba a garuruwan gefen birni irin su Kuje, a lulluɓe da tamfol, a manta da su. Ba a tunawa sai ranar rabon gado ko ranar da za a sayar da filin. A ranar ne magada ke cin karo da tambayar da ba su shirya mata ba: a gyara ta, a nema mata mai saye, ko a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo? Kuskure ta kowace fuska yana da tsada. Akwai mai sayar da lafiyayyar mota a kuɗin ƙarfe, akwai kuma mai zuba dukiya a fenti da kujeru bisa motar da ƙashin bayanta ya riga ya ruɓe. Wadda aka yanka kuwa samun madadinta ba abu ne mai sauƙi ba, domin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su ya haɗa da motocin da suka wuce ƙayyadaddun shekaru daga ƙera su, iyakar da ta daɗe a shekara 15 kafin a rage ta zuwa 12. Motar 1970 ta ninka wannan iyaka fiye da sau huɗu.

Wace irin mota ce?

Ingila ta ƙera ire-irensu da dama. Akwai Jaguar E-Type da aka fara nunawa a bajekolin motoci na Geneva a 1961, da Austin-Healey 3000 da aka yi daga 1959 zuwa 1967, da Triumph Spitfire da 'yar uwarta TR6. Amma wadda ta fi su yawa, wadda kuma ta fi dacewa a yi misali da ita, ita ce MGB. An ƙera ta a garin Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 har zuwa Oktoban 1980 da aka rufe masana'antar, kuma an yi fiye da guda 500,000. A 1965 aka fito da mai rufin ƙarfe, wadda ake kira GT.

Injinta mai fistin huɗu ne, girmansa 1,798cc, ƙarfinsa kimanin doki 95, nauyin motar kuma wajen tan ɗaya. Gudunta na ƙarshe ya ɗan haura kilomita 160 a sa'a, wanda a yau kowace Corolla za ta yi. Daɗinta yana wajen ƙanƙanta da sauƙin juyi, da yadda direba ke zaune dab da ƙasa yana jin hanya a hannunsa. Sababbin motocin da ke ɗauke da tambarin MG a yau na kamfanin SAIC ne na ƙasar Sin, kuma in ban da suna babu abin da ya haɗa kayansu da na tsohuwar.

A fara da duban ƙasa

Mai sayen mota a nan ya saba da abu biyu: ya duba fenti, ya ce a tayar da inji ya ji ƙararsa. A wajen MGB waɗannan biyun su ne mafi ƙarancin amfani. Injin da ya mutu ana sauke shi a sake masa ringi da ƙarafan ciki ya dawo daidai. Abin da ke kashe motar kisan da ba tashi shi ne tsatsa a bodi.

Dalili yana cikin yadda aka gina ta. Motocin da suka gabace ta, irin su MGA, bodi ake ɗorawa a kan shasi mai kauri, kamar yadda ake yi wa Landiroba. MGB ba ta da shasi na daban. Bodin ne ke ɗauke da kansa, da inji, da mutanen ciki. Tun da kuma babu rufin ƙarfe da zai haɗe gaba da baya ta sama, ƙarfin motar ya taru ne a ƙasa, musamman a dokin ƙofa na dama da na hagu. Kowane dokin ƙofa dogon akwatin ƙarfe ne da ya taso daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya, an haɗa shi da faifai da dama da aka yi wa walda a jere. Ruwa na shiga cikinsa, in ƙananan ramukan da aka bari domin ya tsiyaye sun toshe sai ya kwanta. Tsatsar ta ciki take farawa, saboda haka ranar da aka ga fenti ya kumbura a waje, ɓarnar ciki ta daɗe da yin nisa.

Ƙofofi ne ke fara tona asiri. A lafiyayyar mota, tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi daidai take daga sama har ƙasa. In ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, tsakiyar motar ta fara lotsawa. Idan aka sa jak aka ɗaga gefe ɗaya sai ƙofa ta ƙi buɗuwa ko ta ƙi rufuwa, magana ta ƙare: bodin na murɗewa. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a tsumma yana yin sauran aikin, domin yana kama ƙarfe amma ba ya kama filar da fanalbita ya cusa ya shafe. Daga nan sai a ɗaga kafet a duba daɓen ƙasa, a buɗe murfin da ke bayan kujeru a duba mazaunin batir inda ruwan batir ke cin ƙarfe, a leƙa wurin da sifirin ɗin baya ya kama bodi, a kuma sa hannu a lungun da ke bayan tayar gaba, inda laka ke taruwa. Saman tankin mai ma yana ruɓewa a ɓoye, kuma alamarsa ita ce warin fetur a cikin but bayan an cika tanki.

A nan motar da ta yi rayuwarta a tsakiyar Najeriya ko a Arewa tana da wata sa'a. A Ingila ana watsa gishiri a tituna lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara, kuma gishirin nan ne ya cinye mafi yawan motocin wancan zamani. A Kuje babu gishirin titi, babu kuma iskar teku irin ta Legas. Motar da ta zauna a busasshen gareji a Kano ko Katsina tana iya fin takwararta ta Ingila lafiyar ƙarfe nesa ba kusa ba. Sai dai Kuje ba Kano ba ce. Damina a Babban Birnin Tarayya tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma jar lakar hanyoyin karkara, irin waɗanda ke shiga ƙauyukan wajen Gaube da Kwaku da Rubochi, in ta manne a ƙarƙashin mota tana riƙe laima kwana da kwanaki. Wanke saman mota kullum a bar ƙasanta da laka aikin banza ne.

Mafi muni shi ne tamfol ɗin roba a kan motar da ke tsaye bisa ƙasa ko ciyawa. Laima na tasowa daga ƙasa, rana ta dafa ta a ƙarƙashin tamfol, da dare ta koma raɓa ta kwanta a kan ƙarfe. Mai motar yana ganin ya kare ta, alhali turara ta yake yi. Rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe da daɓen siminti ta fi tamfol mafi tsada.

In dokin ƙofa ya tafi, gyaransa na gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe faifai bayan faifai, bayan an tokare bakin ƙofa da sandar ƙarfe domin kada motar ta lanƙwashe ana cikin aiki. Mai walda da ya manna faranti a kan tsatsa ya shafe da fila ya ɓoye ciwo ne kawai. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon bodin MGB ɗungurungum da ainihin injinan da aka yi na asali da su, amma in aka haɗa kuɗinsa da na jirgi da na kwastan, sau da yawa ya fi ƙimar motar kanta.

Ajiya ta fi tafiya cin mota

Bayan damina sai hunturu da ƙurarsa, sai kuma zafin Maris da ke haura digiri 35. Rana tana busar da roba, ta tsattsage rufin tamfol, ta sa tagar bayansa ta leda ta yi duhu. Ɓeraye na gina sheƙa a kujeru su ci rigar waya. Zanzaro na toshe duk ƙaramin bututun da ya samu. Motocin da ke da katako a gaban direba, irin su Triumph, suna da ƙarin abokin gaba, wato gara. Morgan kuwa, wadda har yau ake yi wa ƙwarangwal ɗin bodi da katako, ajiye ta a kan ƙasa tamkar kai wa gara abinci ne.

Duk da haka, yawancin ɓarnar daga rashin motsi take zuwa. Faifan kuloci yana mannewa. Birki yana kamewa. Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki yana rikiɗa ya zama danƙo ya toshe kafireta. Robobin da ke tare mai suna bushewa su fara yoyo. Al'adar tayar da inji na minti biyar a tsaye kowace safiya ba ta magance komai, tana ma ƙara tara ruwa a cikin baƙin mai da salansa, tun da injin bai yi zafin da zai ƙone shi ba. Abin da motar ke so shi ne a fita da ita sau ɗaya a mako ko mako biyu, a yi tafiyar kamar rabin sa'a, a taka birki, a shiga kowace giya.

Wadda ta shekara da shekaru a kwance kuwa, babban kuskure shi ne a kawo batir a murɗa makulli domin a ji ko za ta tashi. Cikin daƙiƙa kaɗan busasshen fistin na iya karce bangon silinda ko ya karya ringi. Ƙa'ida ita ce a cire fulogi, a ɗiga mai a kowane rami, a bari ya kwana, a juya injin da hannu, a zubar da tsohon fetur da tsohon baƙin mai, sannan a buga kik ba tare da fulogi ba har allurar matsin mai ta motsa. A lafiyayyen inji mai zafi da ke tafiya, allurar nan tana tsayawa tsakanin 50 da 80.

Kafireta biyu, da fetur ɗin zamani

Injin MGB ba shi da kwamfuta ko ɗaya. Kafireta biyu yake da su ƙirar SU, kuma aikinsu ya bambanta da na Fijo da kanikawan nan suka saba da shi. Kowace tana da fistin da ke hawa da sauka da siririyar allura, a samanta kuma akwai ɗan murfi da ake kwancewa a ɗiga mai. In man nan ya ƙare, motar na shaƙewa duk sa'ad da aka taka totur, kuma an sha kwance kafireta gaba ɗaya saboda matsalar da cokali ɗaya na mai zai warware. Dole kuma a daidaita su biyun su riƙa shan iska daidai wa daida. Masu riƙon irin waɗannan motoci sun daɗe da lura cewa yawancin laifin da ake ɗora wa kafireta na wuta ne: kwantak ɗin da ke cikin distiributa ya cinye, ko tazararsa ta kauce daga 0.015 na inci, wato kimanin milimita 0.38.

Fetur ma ya sauya tun bayan ƙera injin. A da ana zuba masa sinadarin dalma, wanda ke kare mazaunin bawul daga ƙonewa. An gano illarsa ga ƙwaƙwalwar yara, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina amfani da shi zuwa farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Wannan alheri ne ga jama'a, amma kan injin MGB na baƙin ƙarfe ne, kuma in ana doguwar tafiya da gudu, bawul ɗin hayaƙi na nutsewa a mazauninsa sannu a hankali. Magani mai ɗorewa shi ne a kai kan injin wurin masu injin yankan ƙarfe a dasa masa taurarrun mazaunai. Mai ɗan zagaye cikin gari yana iya jinkirta wannan, muddin yana auna tazarar bawul a kai a kai. In ta riƙa matsewa, lokaci ya yi.

Tiyon mai na wancan zamani ba ya jure fetur mai gauraye da sinadaran barasa. Masu motoci a Abuja da Legas ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol fiye da ƙa'ida, ya lalata injinan sababbin motoci ma. A MGB haɗarin ya fi haka, domin kafiretocin suna zaune ne a saman bututun hayaƙi, gefe ɗaya, faranti guda ne ya raba su. Tiyon da ya tsage a wurin yana ɗiga fetur a kan ƙarfe mai zafi. Sauya duk tiyon mai da sababbi, da sa ƙaramar matata kafin kafireta, da ajiye abin kashe gobara a bayan kujera, suna cikin ayyuka mafi araha a motar. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuwa, in da hali, a bar shi.

Farantin nan da ya raba kafireta da bututun hayaƙi shi ne kuma ke hana fetur tafasa. In ya ruɓe, motar da ke tafiya lafiya a buɗaɗɗen titi za ta mutu a cunkoson Lugbe da tsakar rana, ta ƙi tashi sai ta huce. An ƙera lagiretonta ne da yanayin Turai a zuciya, don haka a nan ba ta da rarar da za ta yi wasa da ita. Ruwan rijiyar burtsatse zalla yana tara tsatsa da ɓawo a cikin inji. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan, wanda wasu ke ɗauka na ƙasashen ƙanƙara ne kawai, yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma wannan ne amfaninsa a Kuje. Cire tamostat, wanda ya zama kamar farilla a garejinmu, ba ya gyara lagireton da ya toshe. A wanke lagireto ko a sake masa ciki, a duba fambel, a ƙara fankar lantarki in ana yawan shiga cunkoso.

Abu ɗaya ya zo da sauƙi: baƙin man da injin ke so, mai kauri 20W-50, yana ko'ina a kasuwa. Matatar iska kuwa a hunturu ba a jira lokacin da littafi ya faɗa.

Wuta, birki da ƙafa

Kayan wutar motar na kamfanin Lucas ne na Birmingham, wanda Turawa suka daɗe suna yi wa ba'a. Gaskiyar ita ce mafi yawan matsalar daga mahaɗan waya ne da suka yi tsatsa, da wayar ƙasa da ta saki. Tsarin yana da ƙa'idar launi da ba ta sauyawa: ruwan ƙasa kullum da wuta, fara tana samun wuta in an murɗa makulli, kore ita ce wadda ta bi ta fis, baƙa kuma ta ƙasa ce. Riwayan da ya san wannan zai gama cikin sa'a ɗaya abin da wani zai kwana yana yanka yana haɗawa. Akwai tarko biyu. Motocin da aka yi kafin ƙarshen 1967, ƙafar batir mai alamar tarawa ce ke haɗe da bodi, akasin kowace motar yau, kuma wanda ya ɗaura rediyon zamani ba tare da sani ba zai ƙone ta. Har zuwa 1974 kuma batir biyu ne masu bolt 6 a bayan kujeru, ba ɗaya mai 12 ba, ko da yake mutane da yawa sun mayar da su ɗaya. Na farko-farkon fis biyu kacal gare su, saboda haka wanda ya maye fis da zaren waya ya bar motar ba ta da mai tsaro.

Birkinsu ma layi ɗaya ne. In bututu guda ya fashe, ƙafa huɗun duka sun tafi lokaci ɗaya. Man birki yana shan laima daga iska ko ana tafiya ko ba a yi, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu, a kuma sauya tiyon birkin da ya tsufa ko da bai nuna tsaga ba. Taya mai cikakken zane da ta shekara goma a tsaye ta mutu. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu.

Ƙafar gaba tana da nonuwan giris da littafin motar ya ce a cika duk mil 3,000, kusan kilomita 5,000. Motocin yau ba su da wannan, don haka yaran gareji ba sa neman su. Tsakanin cikin motar da ƙasa kuwa inci 5 ne, kimanin santimita 13. An ɗan ɗaga ta a 1974, lokacin da dokokin Amurka suka sa aka ɗaura mata baƙaƙen bamba na roba, amma ko waccan ba ta hanyar gona ba ce, kuma tudun rage gudu sai an haye shi a karkace, in ba haka ba salansa ta tafi.

Sitiyari da takardu

Ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Motar Ingila da ta shigo kafin ranar, akasari sitiyarinta a dama yake, kuma FRSC ta sha bayyana cewa dokokin hanya ba su yarda a yi wa irin wannan mota rajista ko a hau titi da ita ba. Dalilin a fili yake: direban da ke gefen dama ba ya hango abin da ke tahowa in zai wuce tifa a titi mai hannu biyu. Fitilunta ma an saita su ne su karkata hagu, wato cikin idon mai tahowa.

MGB ta fi wasu sauƙi a nan, domin mafi yawanta Amurka aka kai, kuma an tsara bodin ya karɓi sitiyari ta kowane gefe. Juyin da ya dace yana buƙatar ainihin sandar sitiyari ta hagu, da allon gaban direba, da mazaunin feda, da fitilu. Juyin yanka da walda na bakin titi yana sa rai cikin haɗari, yana kuma zubar da ƙimar motar. Mai son barin ta yadda aka ƙera ta sai ya haƙura da titin gwamnati, ya riƙe ta a matsayin kayan tarihi, kamar yadda fadar Kano ta shahara da adana tsofaffin Rolls-Royce.

A Ingila motar da ta kai shekara 40 ana yafe mata harajin hanya, tun 2018 kuma an ɗauke mata gwajin shekara-shekara. A Abuja, motar da za ta hau titi tana buƙatar lasisi da takardar cancantar hawa hanya daga jami'an VIO, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma Naira 15,000 daga Janairun 2023.

Kayan gyara da mai gyaran

A Apo ko Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano za a samu mai, da fambel, da tiyo, da batir, da ƙwan fitila. Abin da ya keɓanta da motar kuwa sai an yi oda daga Ingila, inda kamfanoni irin su Moss ke sayar da kusan kowane yanki nata sabo. Wahalar ita ce da fam ake biya, kuma tun da aka saki farashin Naira a Yunin 2023 kowane ƙaramin gasket ya zama abin lissafi. Masu dabara suna tara buƙatunsu su yi oda sau ɗaya, su kuma ajiye rarar kwantak da kwandensa da robobin birki.

Notinanta na ma'aunin inci ne. Sifana mai lamba 13 tana shiga kan noti mai rabin inci, amma da ɗan sako-sako, kuma a noti mai tsatsa wannan ɗan sakin ya isa ya cinye kansa. Saitin sifana na inci ya kamata ya zauna a but ɗin motar, kada a dogara da na gareji.

Abin da ya fi kaya wuyar samu shi ne hannu. Kanikawan da suka koyi aiki a kan 504 da tsohuwar Landiroba, wadda ita ma distiributar Lucas take amfani da ita, sun san kwantak, sun san saita inji da kunne. Yawancinsu sun manyanta, yaran da ke tasowa kuma na'urar gano matsala suka iya, wadda ba ta da inda za a soka ta a jikin MGB. Wanda ya samu irin wannan dattijo ya haɗa shi da littafin gyaran motar mai zane-zane, ya kuma tura yaro ya tsaya kusa da shi, ya yi rabin aikin.

Ta fuskar kuɗi, MGB tana cikin masu araha a tsofaffin motocin Ingila saboda yawanta, kuma cikakken gyara sau da yawa yana cin fiye da abin da za a sayar da ita. E-Type lissafinta daban ne, ko ruɓaɓɓiya tana da masu nema. Shi ya sa kafin a yi wa mota kuɗi a rabon gado, ya kamata a san ko wace ce. A cikin ɗakin injin MGB akwai ɗan faranti mai lambar shasi. Wadda ta fara da GHN mai buɗaɗɗen rufi ce, GHD kuma GT ce. GHN3 na nuna ƙirar farko, ta 1962 zuwa 1967, in kuma harafin L ya biyo baya, da sitiyarin hagu ta fito daga masana'anta. Gidan tarihin motoci na Birtaniya da ke Gaydon yana riƙe da kundin masana'antar Abingdon, kuma da wannan lamba yana ba da takardar shaida mai nuna ranar da aka ƙera motar, da launinta na asali, da inda aka fara aika ta.